Malam Marata

"Ba ki auren Bamaraɗe, Luba! In dai ina numfashi!"

Kakata Inna Yelwa ta doka sandarta a ƙasa. Ita ta rene ni a Kwatarkwashi, kuma in ta ce a'a, ko kawunnaina ba sa tari.

Raina ya ɓaci, amma ko ɗar ban ji ba. Na san aikin Ladidi ne, 'yar kawuna, wadda ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan Ɗahiruna.

Ɗahiru malamin tarihi ne a wata sakandare a Tsafe. Yawan ba da labarin Marata, mahayan Indiya da suka addabi maƙwabtansu na Bengal da hari, ya sa ɗalibai suka laƙaba masa Malam Marata. Ladidi ta murɗe sunan ya koma Maraɗi. Inna kuwa, maharan Maraɗi ne suka sace kakarta tun kafin zuwan Turawa.

Ranar Juma'a da Ɗahiru ya zo gidanmu, na tare shi a zaure.

"Masoyi, kar ka yi mata gardama. Ba ta labarin kawai."

Ya durƙusa gaban Inna ya gaishe ta.

"Inna, ni ɗan Tsafe ne. Marata can Indiya suke."

"Indiyan masu rawa cikin bidiyo?"

"Su fa. Kusan shekara goma suna kai wa maƙwabtansu hari bisa dawakai, su ƙone ƙauye, su kwashe hatsi. Har uwaye suka riƙa tsorata yara da sunansu."

Inna ta saki sandar a hankali.

"Ashe su ma an yi musu... Mu ma haka anka yi muna. Kakata ta tahi ɗibar ruwa gindin dutse da tulu, tulun kaɗai anka iske."

"Mi as sunanta, Inna?"

Ta ɗago ta dube shi.

"Ina ba ɗalibaina labarin mutanen nesa," in ji shi, "ga tamu a gida ban san sunanta ba."

"Hanatu," ta ce, hawaye na bin kumatunta. "Tun rasuwar uwata ba wanda yat tambaye ni."

Ni ma kukan nake, don ban taɓa tambaya ba, ga son shi ya cika mini ƙirji.

Bayan sallar layya ta 1998 aka ɗaura mana aure. Da Inna ta kai ni ɗakina a Tsafe, sai ta riƙe hannun Ɗahiru gam.

"Wagga da hannuna na ba ka ita. Ka riƙa kawo min ita ina gani."