Aminun da ke Cikin Kula

Ranar Juma'a ce, ranar da shanu ke cika Wudil har mutum ya rasa inda zai taka. Zaharaddeen yana gaban tukubarsa kusa da ƙofar jami'a yana juya tsire, sai wata ɗaliba ta tsaya wajen mai awarar da ke gefensa. Ta sayi awara, ta barbaɗa yaji, ko kallon naman ba ta yi ba. Abin ya ba shi haushi. Yawancin abin da samari ke kira so, da irin wannan haushin yake farawa.

Ya naɗe tsinke biyu a takarda ya miƙa mata. "Malama, ɗanɗana. Kyauta ne."

"Na gode. Ba na cin nama."

"Likita ne ya hana?"

"Ni na hana kaina. Har nono da ƙwai. Kuma ban ce haram ba ne, kar ka fara min wa'azi. Cewa na yi ba na ci."

Ya dube ta da kyau yana neman alamar yunwa, bai samu ba.

Sunanta Ikilima, 'yar Lajawa, tana ajin ƙarshe a sashen kimiyyar abinci. Mahaifiyarta ta raini 'ya'ya bakwai da dawa da wake, nama sai Babbar Salla. Da ta shigo jami'a ta ji ana kiran wannan cimar abincin wahala, ta je ta karanta, ta dawo ta ajiye nama gaba ɗaya. Shekara uku ke nan tana kare tukunyar uwarta da jikinta.

Kafin wata biyu wayoyinsu ba sa hutawa.

"Malamata, yau ma awara? Tsoro nake kar iska ta ɗauke min ke."

"Sarkin tukuba, kwantar da hankalinka. Abin gina jikin da ke cikin tsirenka da wanda ke cikin tuwona, tubalinsu ɗaya, sunansa amino. Guda tara ne jiki ba ya iya ƙerawa, sai an ci. Hatsi ya gaza a ɗaya, wake ya cike masa. Wake ya gaza a wani, hatsi ya rufa masa asiri. Waken suya shi kaɗai ya tara su duka. Ƙwayar bitamin B12 kawai nake saya a kemis, ita gona ba ta bayarwa."

"To ni hatsi ne ko wake?"

"Kai yaji ne. Ba dole ba ne, amma babu daɗi in babu kai."

Mahaifinsa, Malam Haladu mahauci, ya yarda manya su je Lajawa neman aure ranar Asabar. Mahaifiyarsa, Inna Barakatu, ita ce ta tsuke fuska.

"Macen da ba ta cin nama, da wane jini za ta ɗauki ciki? Ranar da ta haihu, wa zai ci kauri?" Tana nufin ƙafar saniyar da ake dafa wa mai jego da kayan yaji. "Ga Uwani 'yar ƙanwata, yarinyar da ba a taɓa miƙa mata tsoka ta mayar ba."

Ana cikin haka ya bar wayarsa a caji ya tafi masallaci. Yayarsa Safara'u, wadda ba ta yarda akwai sirri a gidan ubanta ba, ta ɗauka daidai lokacin da saƙon Ikilima ya shigo.

"Ka ce wa Inna kar ta damu da ni. Ba na yin yini ɗaya ban samu amino ba, safe da yamma. Shi ke riƙe da ni, kuma ba zan canja ba don a karɓe ni a gidanku."

Safara'u ta karanta wa Inna da ƙarfi, tana gyara wa 'yar jami'a rubutu. Amino ya zama Aminu.

Da ya dawo ya tarar an gama shari'a.

"Wane ne Aminu?" in ji Inna.

"Inna, ba fa mutum ɗaya… ba mutum ba ne. Guda tara ne."

"Tara," in ji Inna a hankali, ta dubi Safara'u. "To ka gaya wa ubanka babu mai zuwa Lajawa."

Ya rubuta wa Ikilima abin da ya faru, har da zancen Uwani da kauri, ya ƙara da cewa: "Ki yi haƙuri, sanyin idona. Ko tsinke ɗaya ki ci a gabansu, maganar ta mutu."

Amsarta gajera ce: "A'a. Amma gobe zan kawo mata shi."

Budurwa ba ta zuwa gidan surukai kafin aure, kowa ya san haka, har da Ikilima. Ranar Alhamis da hantsi ta yi sallama da kula a hannu. Ta durƙusa ta gaida Inna, ta tambayi gida, ta tambayi jiki, ta tambayi Malam da kasuwa. Inna ta amsa kowace da kalma ɗaya.

"Inna, na kawo Aminun ki gan shi."

Inna ta kalli ƙofar zaure. Ba kowa sai ɗanta a tsaye. Ikilima ta buɗe kular, tururi ya tashi.

"Wannan ai garau-garau ne."

"Shi ne, Inna. Shinkafa da wake. Amino sunan abin da ke cikinsu ne, wanda ke gina jiki. Da shi uwata ta goya mu bakwai, kuma yayyena su ne ke noma gonar rabin unguwarmu." Ta sunkuyar da kai, amma muryarta ba ta yi ƙasa ba. "Ina son ɗanki. Amma ba zan tauna nama don a yarda ni mace ce ba. In auren sai da tsoka, a ba Uwani."

"Ni kuma ba zan karɓa ba," in ji Zaharaddeen daga bakin ƙofa. "Jiya na ce ta ci don a zauna lafiya. Na janye, Inna."

Inna ta daɗe tana kallon kular. Ita kanta 'yar manoma ce daga Darki, kuma sai da ta shigo gidan mahauta ta san ana iya cin nama ranar Talata. Shekara talatin ba ta tuna wa kowa wannan ba. Ta miƙa hannu Safara'u ta ba ta cokali. Ta ci ɗaya, ta ci biyu.

"Wakenki bai gama nuna ba."

"Sauri na yi, Inna."

"Kauri fa?"

"A dafa, ku ci ke da Yaya Safara'u. Ni a dama min kunun gyaɗa. Awon ciki kuma tare za mu riƙa zuwa, ki ji sakamakon jinina daga bakin likita."

Ranar Asabar manya suka tafi Lajawa.

An ɗaura aure bayan Ikilima ta gama jarrabawa. Tukwane biyu aka ɗora, ta nama da ta garau-garau, kuma ta garau-garau ce ta fara ƙarewa, abin da mahautan Wudil ba sa son a tuna musu. Da aka kawo amarya gaban Inna, ta dafa mata kai.

"Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da ku lafiya, ya ba da zuriya mai ƙashi." Ta juya ga ɗanta. "In namiji ne, Aminu za ka sa masa. Na sha wahalar sunan nan, ina so in ga mai shi da idona."