Macijin Tyrell

Rana ta kusa faɗuwa, Cleophus Gadsden yana tsaye a kicin yana jiƙa jaririn ɓera a ruwan ɗumi, sai dutse ya faɗo kan kwanon gidan. Ya fita ya duba. Ba kowa, sai gonar masara da fadamar da ke bayanta. Kwaɗi ma sun yi tsit.

Ɓeran abincin wani ɗan maciji ne. Tyrell, ɗan Cleophus, shi ya sayo macijin a birnin Savannah, irin marar dafi da ake kira macijin masara, ja da ruwan goro, bai fi fensir kauri ba. Bai kai ga ba shi abincin farko ba motar katako ta kife da Tyrell. Cleophus ba ya son maciji. Amma bayan an binne yaron, shi ya sa wa akwatin gilas ɗin da macijin yake ciki ɗumi a gefe guda, shi yake sake ruwa. Da ya ga abin yana neman maɓoya, ya je gindin tsohuwar bishiyar fadama ya ɗauko wani guntun itace mai kogo ya sa masa.

Tun daga nan aka fara jifa, kullum da faɗuwar rana. Sannan lamarin ya koma kan Odessa, 'yarsa, ita kaɗai ta rage masa. Ta daina cin abinci. Sai ta zauna gaban akwatin tana waƙar rarrashin jariri da muryar da ba tata ba. Jikinta ya yi sanyi kamar ƙasan rijiya.

Ya ɗauko Iya Eula, tsohuwar da ta san saiwoyi, ta kuma haddace Zabura. Ta zuba gishiri a bakin ƙofa, ta kunna turare, ta yi karatu har yarinyar ta juyo.

"Wace ce ke?" in ji Iya Eula.

"Tambayi ɓarawon nan mai kunnen jaki," in ji muryar. "Gadon ɗana ya sato."

"Ina ɗan naki?"

Yarinyar ta juya ta dubi itacen da ke cikin akwatin.

"Ruwa ya ci shi shekarar da fadama ta cika. Gadon kawai nake dubawa. Na biyo sawu na zo, sai na tarar da yaro kwance a ciki."

"Wannan maciji ne, baiwar Allah. Ɗauki itacenki ki sakar mana yarinya."

"In koma da gado ba kowa a ciki? Ke, tsohuwa, kin taɓa shimfiɗa wa wanda ba zai dawo ba? Shi ya sani. Kullum yana share ɗakin ɗansa da ya rasu."

Cleophus ya sunkuyar da kai.

"Ko ɗan, ko yarinyar," in ji muryar. "Ba ni komawa hannu wofi."

Cleophus ya dubi akwatin. Ɗan macijin ya leƙo da kai yana fito da harshe. Duk duniya shi ne abu mai rai na ƙarshe da Tyrell ya riƙe. Ya dubi Odessa, leɓunanta sun tsattsage.

"Kin iya riƙonsa?" ya ce.

"Ni uwa ce."

"Ban tambaye ki wannan ba. Ba ya son sanyi. Idan ya ci, kada ki ɗauke shi, amai zai yi. Idan idonsa ya yi fari-fari ba ciwo ba ne, saɓa zai yi, ki ƙyale shi. Ki tsare shi daga shaho."

"Na ji."

"Sake faɗa."

Aljanar da ke magana ta bakin Odessa ta maimaita, ɗaya bayan ɗaya, a hankali, ba zagi.

Ya ɗauki itacen da macijin a ciki, ya rufe bakin kogon da tafin hannu, ya ratsa gonar. Yana jin harshen yana taɓa fatarsa. A gindin bishiyar ya durƙusa ya ajiye. Ya daɗe kafin ya janye hannun.

Da ya dawo, kwaɗi sun ci gaba da kuka. Odessa tana zaune a kicin, Iya Eula tana zuba mata faten masara.

"Baba, ina macijin Yaya?"

Ya jawo kujera ya zauna kusa da ita, ya tura mata kwanon.

"Ci abincinki," ya ce.