Akwatin Ƙuri'ar Malaman Kimiyya

Ƙarfe biyu da kwata na ranar Asabar aka kira Sufeto Ladan, ya kai loma ta biyu ke nan ta shinkafa da wake. Ya ture kwanon, ya figi mota sai GRA.

Ofishin Haɗakar Malaman Kimiyya da Fasaha ne, ƙungiyar da ke da reshe a kowace ƙaramar hukuma ta jihar. A ranar za su san shugabansu. Rassa ashirin sun kaɗa ƙuri'a tun cikin mako, an tara a akwati ɗaya an liƙe, za a buɗe ƙarfe huɗu a gaban wakilai. To, akwatin ya yi ɓatan dabo.

Malam Hammajoda ne ya tare shi a ƙofa. Dattijo ne siriri, shi ya kafa ƙungiyar, shekara goma sha ɗaya yana shugabanta, kuma bana ma ya tsaya takara.

"Ni na kira ku, Sufeto. Na je gida Gwallameji tun sha biyu da rabi, ban dawo ba sai biyu, na tarar da wannan abin kunya."

"Wa ke riƙe da mukullin ɗakin?"

Dattijon ya sunkuyar da kai. "Paulina, sakatariyar zaɓe. Ni nawa na miƙa mata tun makon jiya, don kada a ce ɗan takara na riƙe da mukulli. Ɗalibata ce, ni na koya mata riƙe kwalbar gwaji. Ba na son na yarda."

Malama Paulina na tsaye a baranda, ta matse mukullai biyu a hannu. Wakilai sun fara leƙo ta daga taga, wasu ma ba sa rage murya. Duk wanda ya san aikin koyarwa ya san idan ta kwana a caji ofis, ta yi sallama da ajinta da sunanta.

"Allah ne shaida, yallaɓai, ina zauren taro ina raba abinci. Mukullan nan ba su bar jakata ba."

Ladan ya duba ƙofar. Ba a ɓalle ba. Ya sa aka kunna masa hoton kyamara, sai ga shi daga ɗaya da minti goma zuwa ɗaya da rabi babu komai, baƙi ƙirin. Ya dubi agogo, uku saura kwata.

Ya nufi Ɗanlarai maigadi.

"Ka tashi daga get ɗin nan yau?"

"Ni? Ko taku ɗaya, ranka ya daɗe."

"Amma ga man ja a gemunka, kuma mai alala tana can bakin titi."

Ɗanlarai ya shafa gemu, ya dubi yatsunsa. "To... na ɗan tsallaka. Amma wallahi ban jima ba. Da zan tafi fankata a tsaye take, na ce sola ta yi tsiya. Ina dawowa na ga tana juyawa."

"Wa ya gyara?"

"Ba wanda aka kira."

Ladan ba mai iya zama ba ne idan abu na cin sa. Ya zagaya ginin sau biyu yana kaɗa mukullin mota, sannan ya sa aka kirawo Malam Mansir, matashin malamin lantarki da ke takara da dattijon.

"Ina kake da ƙarfe ɗaya?"

"A zaure."

"Mutum uku sun ce kujerarka babu kowa."

Mansir ya yi tsaki. "Ina cikin mota da wakilan Misau, muna maganar wanda zai yi mini mataimaki. Tambaye su. Ni me zan yi da akwati? Dokar ƙungiya ta ce idan zaɓe ya lalace, shugaba mai ci ya ƙara shekara."

Ladan ya daina kaɗa mukullin. "Zo ka nuna mini inda wutar take."

Wani ɗan ɗaki ne a bayan ofis, batura a jere, ga babban firji a kusurwa. Mansir ya durƙusa ya leƙa.

"Ba a yanke waya ba. An bi makunnai uku ɗaya bayan ɗaya, yadda ake yi. Mu uku muka iya: ni, Paulina, da Malam Hammajoda."

"Ɓarawo ya sami abin da ya zo nema. Me zai sa ya tsaya mayar da wuta?"

"Firjin mana. Sinadaran gwaji ne a ciki na makarantu arba'in. Suka yi awa biyu a zafin nan, sai dai bola."

Ladan ya matsa. A ƙofar firjin akwai takarda manne, layi-layi, lokaci a hagu, lamba a dama.

"Wannan fa?"

"Dokar Malam ce. Duk wanda ya kunna wuta, sai ya duba ma'aunin sanyi ya rubuta nan take. Ya taɓa mayar da ni daga Yelwa don na manta."

Ladan ya bi layukan da yatsa har na ƙarshe. Ɗaya da minti talatin da biyu, digiri bakwai. Da koren biro.

"Wa ke rubutu da kore a nan?"

Mansir ya dubi takardar. "Kore ai na shugaba ne," ya ce a hankali.

Uku da rabi ta gota da Ladan ya shiga ofishin shugaba, Paulina na biye da shi. Ya shimfiɗa takardar a kan tebur.

"Malam, daga Gwallameji ka miƙo hannu ka rubuta wannan?"

Hammajoda ya sa tabarau, ya daɗe yana kallon lambar. Sai ya taɓa aljihun gaban rigarsa, inda biron ke maƙale. Sabo turken wawa, in ji masu magana, amma ranar mai ilimi ya ɗaure.

"Ban ma san na rubuta ba," ya ce.

"Ina akwatin?"

"Yana but ɗin motata, ban buɗe ba. Na sa an yanka mini wani mukulli kafin na miƙa nawa." Ya cire tabarau. "Sufeto, a kan babur na kafa abin nan. Daga Gamawa har Bogoro, da madubin gwaji ɗaya a goye. Yara sun ga ƙwayar cuta da idonsu saboda ni. Yanzu na ji ana cewa tsoho ya gaji. Shekara ɗaya kawai nake nema."

Paulina ce ta yi magana, idonta jawur.

"Baba, da takardar nan ba ta fito ba, da ka bari sun tafi da ni?"

Ya ɗago ya dube ta. Ladan ya so ƙwarai dattijon ya yi ƙarya a wannan karon don ya sauƙaƙa mata.

"Na ce a raina kwana biyu ne, zan je na yi belinki."

Ta juya ta fita.

Huɗu saura biyar aka dire akwatin a teburin zaure, liƙinsa lafiya lau, Paulina na zaune a bayansa. Babu hanyar zuwa mota sai ta tsakiyar zauren, don haka ta nan Ladan ya biyo da Hammajoda, kurtun ɗan sanda ɗaya na riƙe da hannunsa.

Fiye da rabin wakilan nan ta ajinsa suka biyo. Yana shigowa sai kujeru suka motsa, sahu bayan sahu suka miƙe tsaye, kamar yadda ake yi wa malami idan ya shigo aji. Ba wanda ya umarce su, ba kuma wanda ya iya kallon fuskarsa.

A bakin ƙofa dattijon ya waiga sau ɗaya.

Paulina kaɗai ce ba ta tashi ba.