Cukun da Aka Ƙulle a Leda

Ruwa ya yi ta zuba a Kafanchan har komai ya yi danshi, ashana ma sai an lallaɓa take kamawa. Rahmatu na tsugune gaban murhu. Ta sauko da ɗan kwandon da ke rataye saman hayaƙi, ta fito da curin cuku ja jawur da karan dafi. Ta juya shi, ta shinshina, ta goga masa gishiri, ta mayar. Aikinta ke nan kullum tun da Innarta ta rasu.

Inna ce ta yi shi da hannunta a rugarsu ta bayan Kwoi, ta ba wata mai tallan nono ta kawo. Cukun ya riga labarin mutuwar isowa da kaɗan. Kafin Rahmatu ta sami mashin ɗin da zai ratsa taɓo da ita, an kai Inna makwancinta. Ta dawo ta tarar da shi a kwano, ga shatin yatsun Inna a gefensa. Ta dafa shi da gishiri, ta rina, ta shanya. Da hadari ya hana rana sai ta koma wa hayaƙi. Ba ta gaya wa kowa dalili ba. Maganar ce ba ta zuwa. Jin kanta take kamar an ɗura mata auduga.

Mijinta Badruddeen, mai sayar da yadi a kasuwa, ya shigo da bokitin ruwa.

"Rahma, wai cukun nan yaushe za a ci shi? Ko sai ya yi gemu?"

"Ba na ci ba ne, Yaya."

Ya jira ta ƙara. Ta juya ta ci gaba da hura wuta. Ya ɗauki tsintsiya ya share mata tsakar ɗaki, don ya ga kwanan nan ko tsintsiyar nauyi take mata.

Sharar nan ce ta jawo magana. Ƙanwarsa Khairat ta hango ta taga, ta ruga sashen mahaifiyarsu, Hajiya Nana Khadija.

"Umma! Wallahi abin nan ba nomal ba ne! Jiya wanki, yau shara! Ga wani jan abu da take shafawa kullum, bakinta na motsi!"

Hajiya dama ba ta taɓa son ɗanta ya ɗauko 'yar ruga ba. Ta ce, "An mallake mini ɗa ina zaune."

Rahmatu ta ji ƙus-ƙus ɗin. Ta ga an daina cin tuwonta a sashen Hajiya. Abin ya wuce ta kamar ruwa a bayan agwagwa. Da lokacin sadakar arba'in ya yi, ta ɗaura ɗan ƙullinta, ta ce wa mijinta abu ɗaya:

"Kar a bar murhu ya huce."

Ta yi 'yan kwanaki a ruga. Ranar da ta dawo, murhu da ɗuminsa, kwando kuwa wayam. Badruddeen na tsaye, idonsa a ƙasa.

"Ina kasuwa Umma ta sa aka ɗauke. Na yi roƙon duniya ta hana. Kawu Sambo ya zo daga Zangon Kataf, suna jiranmu."

Ta bi shi ba ta ko cire mayafi ba.

A falon Hajiya, Kawu Sambo, yayan Hajiyar, na kan kujera da carbinsa. A tsakiyar tabarma ga baƙar leda, an ƙulle, an sake sakawa cikin wata an ƙulle. Hajiya ce ta sa aka yi haka don kada sharrin abin ya fita ya taɓa mutanen gida, ta kuma sa aka tura shi can ƙarƙashin gado inda babu mai gani, sai yau aka fito da shi.

Idon Rahmatu ya tsaya kan ledar. Ta ga yadda ta kumbura. Ta zauna.

Hajiya ta fara. "Yaya, ga shaida nan. Ɗana da ko kofi bai ɗauka, yau shi ne mai shara! A kwance ledar nan a gaban kowa, sannan ya sallame ta. Ba zan zauna da mai asiri ba!"

"Umma, cuku ne," in ji Badruddeen.

"Cukun da ba a ci? Ja kamar laya? Ka ji ko, Yaya? Bakinsa ma ba nasa ba ne!"

Kawu ya juya. "Ke Rahmatu, me za ki ce?"

Rahmatu ta ci gaba da kallon ledar. Ta san aurenta ne a kan tabarmar nan, amma ji take kamar labarin wata ake yi.

Sai Badruddeen ya durƙusa gaban uwarsa.

"Umma, ki yafe mini. Ban taɓa tsallake maganarki ba. Ni ma ban san dalilin da take ajiye shi ba, na tambaya ba ta faɗa ba. Amma na san uwarta ta mutu, na san ba ta iya cin abinci. Shara na yi ta ne da hankalina. Tun ba a kwance ba nake faɗa, don kar a ce abin da na gani ne ya sa: ba zan sake ta ba."

"Ni kake gaya wa haka?"

"Ki dake ni, Umma. Amma wannan ba zan iya ba."

"Kai, ya isa," in ji Kawu. "Khairat, kwance."

"Ni? Kawu, wallahi ba na taɓawa!"

Kawu ya yi tsaki, ya sa farce ya yaga. Wari ya cika falon. Funfuna ta lulluɓe curin, kore da fari, har wani gashi-gashi. Ruwa na tsiyaya daga gindinsa. Khairat ta toshe hanci.

"Kun gani! Har ya fara aiki!"

"Gumi ya yi," in ji Rahmatu a hankali. Kowa ya waiwayo. "Ba a sa shi a leda. Sai ya sha iska." Ta miƙa hannu ta ɗauke shi, ta juya, tana neman wani wuri a gefensa. Wurin ya narke. "Nan yatsun Inna suke. Shi ne na ƙarshe da ta yi."

Carbin Kawu ya tsaya.

"Bakin da kike motsawa fa, Anti?" Muryar Khairat ta yi ƙasa.

"Ƙulhuwallahu nake mata."

Hajiya ta dubi ledar, ta dubi curin a hannun Rahmatu. Ita ma ta binne uwa, ta san abin. Hawaye suka zubo mata.

"Innalillahi... Me ya hana ki faɗa, yarinyar nan?"

"Ba a tambaye ni ba, Hajiya. Da aka tambaya kuma na kasa."

Babba ba ya cewa yi haƙuri da baki. Hajiya ta share fuska da gefen zane ta daka tsawa: "Khairat! Kin tsaya kamar gunki! Wuƙa da gishiri, ki hura wuta!"

Ita da kanta ta karɓi curin, ita da ko ledarsa ba ta yarda ta taɓa da hannu ba. Ta yi ta fere, ruɓaɓɓen na zubewa, Rahmatu na cewa, "Ƙara shiga, Hajiya. Ƙara." Har suka kai tsakiya, inda gishiri da hayaƙi suka busar da shi tauri. Abin da ya tsira bai kai ƙwallon goro ba. Aka tafasa shi, aka soya.

Hajiya ta miƙa mata a faranti. "A rataye miki a murhuna? Wutata ba ta mutuwa."

Rahmatu ta daɗe tana kallonsa. Ta girgiza kai. Ta gutsura uku: ɗaya ta ba mijinta, ɗaya ta sa a tafin Hajiya, ta kai na ukun bakinta. Gishiri ya yi masa yawa. Ta tauna, ta haɗiye. Hajiya ta jawo kan Rahmatu ta ɗora a cinyarta, ta ce, "Zauna nan, 'yata. Yau ba inda za ki."

Ta zauna.

To, yara, kun ji. Cuku da zuciya halinsu ɗaya: in aka ƙulle su ba iska, ruɓewa suke. Zato a ƙulle ya kusa kashe aure, baƙin ciki a ƙulle ya kusa taya shi. Mai zargi ya tambaya, mai ciwo ya faɗa. Namijin kirki kuwa shi ne wanda ya tsaya wa matarsa tun ba a kwance leda ba, bai kuma ɗaga wa uwarsa murya ba.