Wa Ke Riƙe da Ɗaya Rabin?

“Da wa kike wagga dariya haka?”

Sadiyatu ta ɗago kai daga kan wayarta, dariyar ta ɗauke ɗif kamar an ɗauke wuta. Mijinta Junaidu ne tsaye a ƙofar falo, ko hula bai cire ba, gumi ya jiƙe masa wuyan riga.

“Sannu da zuwa, Malam. 'Yan ajinmu na zane ne. Wata ce ta zana rijiya, sai ta fito kamar tukunyar miya...”

“Ajinku! Ajinku! Kullum ajinku! Ni in na shigo gidan ga, fuska a murtuke kamar an aiko miki da saƙon mutuwa, amma su...”

Ya ciji harshensa. Ina! Magana zarar bunu, ta riga ta fita.

Sadiyatu ta kife wayar a kan kujera, ta miƙe a hankali.

“Bari in kawo maka ruwa, Malam.”

Malam. Wannan kalmar ita ke ci masa rai. A da ba haka take kiransa ba, Abban Nura take cewa, tana jan sunan har sai ya yi murmushi. Bara zazzaɓi ya ɗauke musu Nura tun bai iya zama ba. Junaidu ɗan gidan malamai ne na kusa da Hubbare a Sakkwato, ya zauna karɓar gaisuwa idonsa ƙeƙas, mutane na ta yaba tawakkalinsa. Abin da ya iya ce wa matarsa kawai shi ne, “Haƙuri, Sadiya.” Bayan sadakar bakwai ya tattara kayan yaron kaf ya bayar, wai don kar ta riƙa gani tana kuka. Safa guda ce, 'yar ƙarama ruwan ɗorawa, ya kasa rabuwa da ita. Ya cusa ta can ƙarshen aljihun motarsa, bai gaya wa kowa ba.

Ranar da ta sake cewa Abban Nura, ya ɗaure fuska ya bar ɗakin. Daga ranar ya koma Malam.

Gidan ya yi tsit wata da watanni, har wata maƙwabciyarsu a nan Ƙofar Dundaye ta ba ta labarin ajin zane na manya. Ba makaranta ba ce ta neman shaidar karatu, wuri ne da ake zuwa a shafa fenti a huce takaici. Ya tuna ta taɓa ce masa su je tare. Idonsa na kan waya ya amsa mata.

“Ni? Da gemuna in zauna ina wasa da fenti kamar ɗan firamare? Ki tahi ke, ban hana ki ba.”

Ta tafi kuwa. Sannu a hankali ta fara cin abinci, ta fara sa lalle, yau ga ta har da dariya. Ai kamata ya yi ya gode wa Allah, ko? To, ana cewa kishi kumallon mata, amma wallahi in ya motsa wa namiji ya fi muni, don shi ba ya amayarwa, haɗiyewa yake yi. Abin da shi ya kasa yi mata, wasu can sun yi. Wannan shi ne ciwon.

Ranar Asabar yayarsa Balaraba ta faɗo gidan babu sanarwa, kamar yadda ta saba. Sadiyatu ta leƙa barka a maƙwabta, sai ta tarar da shi kaɗai. Ko gyale ba ta aje ba idonta ya sauka kan allunan zanen da aka jingina a bango.

“La! Ashe ku ma kun waye! Junaidu, kai ne da ajin ma'aurata? Lalle duniya ta zo ƙarshe!”

“Wane irin ajin ma'aurata kuma, Yaya?”

“Ka ji munafuki! Diba mana, rabin ƙofar gari, rabin dogon yaro, rabin faifai. Ina naka rabin? Ko kunya ta sa ka ɓoye don sun yi muni?”

Ya dubi allunan kamar yau ya fara ganinsu. Tabbas kowanne a yanke yake, zanen na zuwa bakin allo sai ya tsaya cak. Shi duk zatonsa ba ta iya ƙarasawa ba ne.

Balaraba ta zaro waya tana latsawa, baki bai huta ba.

“Ga tallarsu nan, wata ƙawata ta turo mini. Akwai na mata zalla ran Asabar da hantsi. Akwai wanda Malama Martha ke koyarwa ta waya, kana ɗakinka kana bi, wannan na matan kulle ne da ragwaye irina. Akwai na fita, a kwashi mutane a kai su bakin gulbi su zana abin da ido ya gani. In kai mai jin kunya ne, a zo har gida a koya maka kai kaɗai. Sai na ran Lahadi bayan la'asar, na mata da miji. A haɗa allo biyu gefe da gefe, ita ta yi rabi, shi ya yi rabi, in an jera su zane ya cika. Kowa ya tahi da nashi... Kai, lafiya? Ka yi wani iri.”

“Zafi ne, Yaya.”

Zafi kam, amma ba na garin Sakkwato ba. Ran Lahadi bayan la'asar! Ai kuwa ta taɓa ce masa, “Malam, na koma ajin Lahadi,” ya ce to, ko kai bai ɗaga ba. Allo nawa ke nan a bangon? Kowanne yana da ɗan'uwa a wani gida. Wani ƙato ya zauna kafaɗa da kafaɗa da matarsa, ya ɗauki ɗaya rabin ya kai ɗakinsa ya rataye!

Bai gaya wa Balaraba komai ba. Ya faɗa ya ce me? Kafin magariba labari ya kai Hubbare, kunnen iyayensa Inna da Baba Malam, daga nan kuma auren ba a hannunsa yake ba.

Da Sadiyatu ta dawo ya bi ta da ido. Ga ɗigon shuɗin fenti a gefen farcenta, ga wani sanyi a fuskarta da ba shi ya sa shi ba. Ya buɗe baki zai tambaya, girman kai ya rufe masa. Abincin ma juya cokali kawai ya yi. A ransa har ya gama ƙera mutumin: dogo, mai gyararren saje, mai sanyin murya, irin masu cewa sannu kafin a yi tuntuɓe.

Lahadi ta yi. Bayan la'asar ta fito cikin hijabinta ruwan toka, da 'yar jaka a hannu.

“Malam, zan tahi aji.”

“A dawo lafiya.”

Tana shiga Keke mai ƙafa uku ya tada mota. Ya bi su a baya a baya har wajen Ƙofar Atiku. Ya rantse a ransa in ya ga abin da yake zato, ba zai yi hayaniya ba, gidansu kawai zai ce ta wuce. Da ya kawo wannan a ransa sai ya yi saurin kawar da tunanin, don Allah ya sani yana son yarinyar nan kamar ransa.

Ajin a ɗakin taron wata 'yar makaranta yake. Ya daɗe a mota yana karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa, sannan ya fito ya tura ƙofa.

Warin fenti ya fara tarbarsa. Mutane bibbiyu a zaune, kowane biyu da allunansu a manne. Wani Alhaji mai tumbi na faɗa da matarsa a kan ta cinye masa kore. Ga jarkar zoɓo da cincin a kan tebur. Wani dattijo mai furfura, da tsumma a kafaɗa, ya taso da fara'a.

“Maraba, maraba! Ni ne Istifanus, ni da mai ɗakina Martha muke da ajin. Wa ake nema?”

Junaidu ya hango Sadiyatu can ƙarshe, jikin taga, ta sunkuya tana shafa buroshi. Kusa da ita ga kujera, ga allo a jingine. Kujerar ba kowa. Wato ya fita ke nan, ko ya hango shi ya gudu!

Bai san lokacin da ya ratsa tsakiyar ɗakin ba.

“Ina shi?”

Buroshin ya suɓuce daga hannunta. “Malam! Mi ya kawo...”

“Na ce ina shi? Ina mai kujerar ga? Wa ke kwashe ɗaya rabin shina kaiwa gidansa?”

Alhaji mai tumbi ya saki baki da cincin a ciki. Sadiyatu ta dube shi, ta dubi kujerar, sai idanunta suka kawo ruwa. Ba tsoro ba ne a cikinsu, wani abu ne da ya fi tsoro ciwo.

“Abin da ka ɗauke ni ke nan?” ta ce a hankali.

Wata dattijuwa mai tabarau ta matso tana goge hannu a zaninta. Malama Martha ce. Ta ƙare masa kallo daga hula har takalmi.

“Kai ne Malam Junaidu?”

“Ni ne.”

“To, ɗana, ai ga mai kujerar nan ya iso. Sai dai ka makara ƙwarai.”

Ta ja labulen da ke bayan Sadiyatu. Alluna ne a jere a ƙasa, farare tas, ko ɗigon fenti babu a jikinsu.

“Naka ne duka. Ga na ƙofar gari, ga na dogon yaro, ga na faifai. Tun ranar farko na ce mata, 'yata, wannan ajin na mutum biyu ne, ki koma na Asabar cikin 'yan'uwanki mata. Ta ce a'a, Mama, a bar masa kujerarsa, shina nan tahe. Duk sati sai ta sa an kafa allonka kusa da nata. In wani ya zo zai ja kujerar ma ba ta bari.”

Wayyo! Da ƙasa za ta tsage da Junaidu ya shige. Kishiyar da ya kwana yana ƙerawa, mai saje da sanyin murya, ashe kujera ce da babu kowa a kai. Shi ne ya bar ta babu kowa.

“Sadiya... don mi ba ki gaya mini ba?”

“Na gaya maka. Ka ce da gemunka.” Ta share ido da bakin hijabi. “In na sake faɗa, haƙuri za ka ce mini. Na gaji da haƙuri ni kaɗai, Malam. So nake mu yi shi tare.”

Sai a lokacin ya dubi allon da ke gabanta. Yau an ce kowa ya zana abin da ya ga dama. Ita safa ta zana, guda ɗaya, 'yar ƙarama ruwan ɗorawa, ta matsar da ita can bakin allo inda 'yar'uwarta za ta zauna a ɗaya gefen. A kan cinyarta ga safar nan ta gaske.

“Ƙarƙashin gado na tsince ta bayan ka bayar da kayan,” ta ce. “Na nemi ɗayar har na gaji.”

Junaidu ya juya ya fita da sauri.

Ta bi bayansa da kallo, ta runtse ido. Shi ke nan, ya sake barin ɗakin kamar wancan karon. Malama Martha ta dafa kafaɗarta.

Ƙofa ta sake buɗewa. Ya dawo yana haki, hannunsa a dunƙule. Ya ja kujerar nan ya zauna, ya buɗe tafin hannunsa a kan cinyarta. Safa biyu suka haɗu, ɗaya ta ɗan yi ƙurar mota.

“Kai... kai ne da ita?”

“Kullum in na aje mota sai na taɓa ta.” Ya sunkuyar da kai. “Ana ta cewa na yi tawakkali. Wallahi tsoro nake ji, Sadiya. Na ga in na fara kuka a gabanki, ba mai riƙe wani.”

Hawayen da ya ƙi zuwa ranar gaisuwa ya ɓalle masa a gaban baƙi, har yana ɗiga daga gemun da ya yi taƙama da shi. Malam Istifanus ya yi gyaran murya, ya tafa hannu.

“To, jama'a, kowa ya dubi allonsa! Alhaji, ba a cin cincin da hannun fenti!”

Sadiyatu ta tsoma buroshi a ruwan ɗorawa, ta saka masa a hannu.

“Ban iya ba hwa,” ya ce.

“Ba wanda ya zo nan don ya iya.”

Ya fara shafawa. Safar ta fito a karkace, ta fi tata girma nesa ba kusa ba, fenti na gangarowa ƙasa. Ta matso da allonta har ya taɓa nasa, ta daɗe tana kallo. Sai ga dariyar nan, wadda ya yi ta kishi a kanta, ta fito cikin kuka, kuma a wannan karon tasa ce.

“Wagga ai ta ɗan shekara bakwai ce, Abban Nura!”

Bai ɗaure fuska ba, bai tashi ba.

“Sake faɗa,” ya ce.