Wayar da Ta Yi Ƙara a Zauren Malam

A motar Katsina zuwa Daura suka fara haɗuwa, kuma wallahi ba haɗuwar daɗi ba ce. Kalilu, mai shagon tura fina-finai a bakin kasuwa, shi ya kunna sabon fim ɗin barkwancin nan a waya, ya ƙure murya. Labarin wani malami ne da ya tara 'ya'ya har ya manta sunayensu. Matarsa na ɗaki tana naƙuda tana ihu, shi kuwa yana bakin ƙofa da carbi yana cewa, "Hajiya, ƙaro ɗaya!"

Mota ta kaure da dariya da musu. Direba ya ce gaskiya ce tsagwaronta, a haifa a bar wa titi. Wani dattijo mai fataucin awaki ya ce cin mutuncin addini ne, a kama 'yan fim ɗin duka.

Adawiyya tana zaune bayan Kalilu, tana jin komai. Mahaifinta, Malam Maharazu, limami ne mai tarin 'ya'ya. Mahaifiyarta kuwa wajen haihuwar autarsu ta rasu.

"Bawan Allah, kashe ƙazantar nan," ta ce. "Naƙuda kake yi wa dariya? Tir!"

Ya juyo zai rama, sai ya ga idanunta cike da ƙwalla. Ya kashe wayar, bai sake kunna ta ba har tashar Daura.

Namiji ke nan! Kafin sati ya gano gidansu, ya samo lambarta, ga saƙo:

"Salam. Ni ne mara kunyar cikin mota. Na goge fim ɗin, amma na kasa goge fuskarki. Ki yafe min."

Ta yi tsaki, ta karanta, ta sake yin tsaki, ta sake karantawa. Daga ban haƙuri aka koma gaisuwa, daga gaisuwa aka koma zance a ƙofar gida.

"Sanyin idona, har yanzu ina ba ki ƙyama?"

"Saura kaɗan," ta ce, tana rufe murmushi da gefen hijabi.

Sai dai akwai Yazid, ɗalibin Malam, wanda ya daɗe yana sonta a ɓoye. Shi ya gano cewa a tasa wayar kawai Kalilu ya goge fim ɗin, amma a shago yana nan ana turawa. Har ƙarar kiran wayar shagon ma muryar malamin cikin fim ɗin ce, don jan masu saye.

Ranar da Kalilu ya zo gaida Malam tare da kawunsa, wayar shagon na aljihunsa bai sani ba. Adawiyya na laɓe bayan ƙofar zaure, Malam ya ɗaga hannu zai yi addu'a, Yazid, da ya lura da wayar, ya danna kira daga waje.

"Hajiya, ƙaro ɗaya! Hajiya, ƙaro ɗaya!"

Innalillahi. Kalilu na ta laluben aljihu, gumi na zuba, waya na ci gaba da ihu. Malam ya sauke hannunsa, ya ture ƙullin goron da suka kawo.

"Ku gaida gida," ya ce.

Takaici ya hana Adawiyya kuka. Saƙo ɗaya ta tura masa:

"Ashe da zafin da ya kashe uwata kake cin abinci. Ƙyamarka nake ji. Kada ka sake kirana."

Bai kira ba. Amma labari ya zo cewa ya goge fim ɗin a shagonsa a gaban masu saye, suna zaginsa suna komawa shagon maƙwabcinsa. Kullum bayan sallar la'asar sai ya durƙusa a gefen hanyar Malam ya gaishe shi, Malam ya wuce kamar bai ga mutum ba. Har damina ta fita ana haka. Ita kuwa ta rame, don ƙyama ba ta kashe so ba.

Ranar da Malam ya kira shi zaure, Adawiyya ce ta kawo ruwa, kuma ba ta yi nisa ba.

"Ka san abin da ya fi ƙona min rai a fim ɗinku?" in ji Malam. "Akwai gaskiya a ciki. Likita ya ce uwar yarinyar nan ta huta, ban ji ba. Abin da nake kuka a kansa kullum, shi kuka mayar abin dariya."

Kalilu ya kifa kai a tabarma. "Na tuba, Baba."

Malam ya ce, "Su 'yan fim cewa suke a ƙaro ɗaya. Ni ɗaya zan ba ka. In an ce ta huta, ta huta. Ka riƙe min ita da ranta."

Kofin ya suɓuce daga hannun Adawiyya, ta jingina da bango tana kuka.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Kafin a kai amarya, saƙonsa ya shigo:

"Amaryata, saura ƙyama?"

"Babu, angona. Amma ka bar wayar shago a shago."

Malam ya dafa kanta ya ce, "Allah ya ba ku zuri'a mai albarka, ya bar musu uwarsu." Gidan duka ya amsa da amin.