Alif a Kwalbar Zongo

Akwai wata yarinya 'yar Zongo a birnin Lome. Tana da ƙoƙari a lakwal, wato makaranta, amma fa akwai ta da saurin fushi.

Kogin da ke bayan unguwarsu ya lalace. Shara a ciki, baƙin mai a sama, ga wari. Ƙanenta Sabiru ya yi wanka a ciki, ƙuraje suka feso masa a jiki duka.

Ran nan Madam Muhsinat, malamar kimiyya, ta raba wa yara kwalabe.

"Masu binciken ruwa sun nemi taimakonmu," in ji ta. "Kowa ya ɗebo ruwan kogi ko tafkin da ke kusa da gidansu. Za a auna. Inda ya fi lalacewa, nan za a fara gyara."

Rachid, wani yaro ɗan unguwar Totsi, ya toshe hanci. "Na Zongo ai ba sai an auna ba. Daga nan ma ina jin warinsa!"

Aji ya fashe da dariya. Yarinya ta cika ta yi fam.

Da ta ɗebo ruwan, ta ɗaga kwalbar ta duba. Tir! Wannan ƙazantar za ta ajiye a gaban Rachid? A gidansu ko baƙo ba a miƙa masa ruwa mai laka sai an jefa alif datti ya kwanta. Ta juye ruwan a roba, ta jefa alif, ta jira. Ta tace da ɗankwali, ta mayar a kwalba. Ruwa ya fito garau.

Da sakamako ya zo, Madam ta ce, "Ruwan Zongo da sauƙi. A wani wuri za a fara aiki."

Labari ya kai gida. Mma, mahaifiyar yarinyar, ta zabura ta ja hannun Sabiru sai lakwal.

"Madam, wane ne ya ce ruwanmu da sauƙi? Dubi jikin yaron nan! Don mu 'yan Zongo ne za a raina mana hankali? Wallahi ba mu yarda ba!"

"Hajiya, abin da aka kawo shi aka auna," in ji Madam. Ta juyo wurin yarinyar. "Ke, daga ina kika ɗebo?"

"Daga kogi, Madam. Amma... na sa alif. Dariya suke mana."

Mma ta dafe ƙirji. "Alif? Ke ce kika hana mu gyara? Don dariyar yara kika bar ƙanenki yana susa har jini?"

Madam ma ranta ya ɓaci. "Haba! Dattin da kika tace, shi masu bincike suke nema su gani!"

Yarinya ta fashe da kuka. Yanzu kanta take jin wa haushi.

Washegari ta raka masu binciken bakin kogi. Ta cika kwalba a gabansu, ba ta taɓa komai ba. Da aka auna, na Zongo ya fi na kowa lalacewa. Aka kwashe shara, aka hana zubar da baƙin mai. Sabiru ya sha magani, ƙuraje suka bushe.

Daga nan yarinya ta gane: abin da za a auna, a kai shi yadda yake. In ka ɓoye ɓarna don kunya, kai da mutanenka za ku cutu.